Littattafan Baba Sun Sha Hatimi

Daga Ingila, zuwa ga ƙanena Maliki a Illela.

Gaisuwa mai yawa. Yaya Inna da ƙafarta? Gero ya yi kyau a Tozai bana?

Ni lafiya lau, ina ci, ina da bargo. Sai dai aikin karanta ajami a jami'a, wanda Baturen nan ya ɗauko ni dominsa, an ba ɗalibinsa, wai ba ni da takardar shaida. Na tsufa cikin karatu, shaidar mi kuma?

Wannan da sauƙi. Littattafan Baba da na zo da su, na ba jami'ar aro su kwafa, kamar yadda malaman Ƙwanni kan ara su maido. Ashe nan ba a san aro ba. Sun buga wa kowanne hatimi, sun kulle cikin gilashi, suna ta yi mini godiyar kyauta. Jiya na nemi taɓa rubutun ubana, aka ce sai da izini. Allah ya isa!

Ba za su ba ni ba, ni kuwa da wane ido zan dawo?

Allah ya yi muku albarka. Ka ce wa Inna ina lafiya. Kada ka bari ta buɗe akwatin Baba, babu kome ciki.

Yayarka,
Hindatu