Amfilifayar da Micah Zai Ji

Kuyello, 4 ga Oktoba

'Yata Patience,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Ina fata kina lafiya, ke da maigidanki. Ki yi haƙuri da rubutuna, kin san da furfura na koyi riƙe biro a ajin zumuntar mata. Tunda aka katse layin waya, ta hannun Hammadu direba zan riƙa aiko miki da takarda.

Yayanki Micah yana nan yadda kika bar shi. Wata biyar ke nan da mutanen daji suka sako shi, har yau bai ce mini "Mama" ba. In na kira shi ko waiwayowa ba ya yi. Yatsunsa na hagu da igiya ta kashe ba su farfaɗo ba, ba ya iya danne tsirkiyar jitarsa ta da.

Ran Lahadi Baba Bakoji, tsohon makaɗin cocinmu, ya kawo masa wata jita da ake kwantarwa a cinya. Ita ba ta son yatsu, guntun ƙarfe ake zamewa a kan tsirkiyoyinta. Patience, ya riƙe ƙarfen! Sai dai muryarta kamar kukan sauro. Baba Bakoji ya ce sai an jona ta da amfilifaya, akwatin ƙara sauti, tasa kuwa ta lalace tun bara.

Ki nemo masa ɗaya a Kaduna. Ƙarama, mai batir, wadda sautinta ba zai tsallake dangar gidanmu ba. Kin san daga bayan gonarmu daji ya fara, kin kuma san kiɗan biki mutanen dajin suka biyo ranar da suka ɗauke shi. Ƙarama na ce, kada mai shago ya yi miki daɗin baki.

Allah ya tsare mini ke.

Mamanki, Susan

Kaduna, 10 ga Oktoba

Mama,

Ina gaishe ki da kyau. Rubutunki ya fi na likitocin da nake aiki da su, ki daina ba ni haƙuri.

Na je shagon wani Malam Abdulsamad mai kayan kiɗa. Da na kwatanta masa jitar, sai ya ce irinta jan murya take yi kamar mai kuka, tana son akwati mai faɗin lasifika. Ya ce a ƙarami muryar tsagewa take yi. Ya kunna mini wata babba, na ji ta har cikin haƙarƙarina. Na ce ƙarama Mamana ta ce. Ya yi dariya ya ce, "Hajiya, Maman ce za ta kaɗa, ko mai jitar?" Na ce ni ba Hajiya ba ce, kuma Mamana ba a musu da ita.

Ga ƙaramar nan na ba Hammadu, tsayinta bai wuce tafin hannu biyu ba. Ana yi mata caji da sola. Malam ya ƙara mana da abin sawa a kunne, ya ce da shi ko kazar gida ba za ta ji ba. Ya kuma yarda a mayar in ba ta yi ba.

Amma Mama, tambayarsa ta tsaya mini a rai. Kin tambayi Yaya wadda yake so?

'Yarki, Patience

Kuyello, 17 ga Oktoba

'Yata,

Gaisuwa. Saƙo ya iso. Ki zauna kafin ki karanta sauran.

Da hantsi muka jona ta a gindin mangwaro. Ya ja ƙarfen, waƙar da babanku yake so ta fito, siririya, mai daɗi. Ni ina hawaye, shi kuwa yana murɗa maɓallin. Ya murɗa, ya murɗa, har ya kai ƙarshe, sautin ya fara tsagewa kamar yadda mai shagon ya faɗa. Na tsorata na ce, "Micah, rage mana! So kake su dawo?" Bai rage ba. Sai ya sunkuya ya manna kuncinsa a jikin akwatin.

Na miƙa masa abin kunnen. Ya sa na ɗan lokaci, ya cire ya ajiye. Da ma a nan wa yake toshe kunne? Kowa yana sauraron ƙarar babur ɗin mutanen daji. Na ɗauka shi ma abin da ya hana shi ke nan.

Sai ya jawo littafin da nake koyon rubutu a ciki, ya rubuta da manyan baƙi don in iya karantawa: "Mama, ba na ji. Tun a daji, da suka doke ni da gindin bindiga. Kunnen dama ya mutu, na hagu kaɗan kaɗan. Ban so in ƙara miki ba."

Patience, wata biyar ina kiran yaron nan ta bayansa ina cewa fushi yake da ni. Har na taɓa yi masa faɗa, na ce ni ma na sha wuya. Da ban koyi karatu ba, da wa zai gaya wa?

Ni na zaɓi ƙarama, don tsorona, ba don kunnensa ba. Ki gaya mini gaskiya, babbar nan, zai ji ta?

Mamanki

Kaduna, 23 ga Oktoba

Mama,

Na gaishe ki. Na karanta takardarki sau uku, ban iya cin abinci ba.

Na koma wurin Malam Abdulsamad. Wannan karon bai yi dariya ba. Ya ce babbar, in an zauna kusa da ita, ko kunne bai kama duka ba, ƙirji da ƙafafu za su kama. Amma wuta take so, a wurinku sai da janareta. Mama, janareta da wannan akwati a Kuyello, za a ji su har tsakiyar daji.

Ku taho nan ku biyu. Akwai ɗaki, akwai likitan kunne a asibitinmu, cocin unguwarmu kuma ba su da makaɗi. Kada ki ce mini masara. Kada ki ce mini kabarin Babanmu.

Ina roƙon ki.

Patience

Kuyello, 30 ga Oktoba

'Yata,

Gaisuwa. Wanda ya miƙa miki wannan takarda yayanki ne. Jitar tana cikin zanena na zumunta, ƙaramar amfilifayar tana cikin buhu, ki mayar wa mai shagon da godiya.

Masara ta bushe a gona, ba mai karya ta sai ni. Sauran dalilin kin riga kin faɗe shi.

Ki tsaya ta hagunsa in za ki yi magana, ki bari ya ga bakinki. Ki kai shi shagon ya zaɓa da kansa. In ya murɗa maɓallin, kada kowa ya ce masa ya rage.

Ni ba zan ji ba daga nan. Ki rubuto mini yadda ta yi, da manyan baƙi.

Allah ya haɗa fuskokinmu.

Mamanku, Susan