Shirwar Fadamar Rigachikun

Zuwa ga Fadila, farin watan Kawo, furen badon da ya fi ƙarfin tabkinsa, sanyin randa a tsakiyar bazara, wadda in ta gifta direbobin tasha ke mantawa da hon. Sallama irin ta mai laifi.

Ya hasken idona, har yanzu fushin ne? Kin ƙi ɗaga wayata. Kawu Ila ya kai babbar rigarsa wajen masu bugu, yana jiran ki ce ya zo ya nema mini aurenki wajen Abba, ke kuma kin aiko Hafiza ƙanwarki wai a dakata. A dakata! Wallahi tun ranar tuwo ba ya wuce mini maƙogwaro, sai an haɗa da man shanu.

Ki tuna yammacin nan a fadamar Rigachikun, bayan ruwan farko. Ciyawa ta yi kore shar, furanni ja da rawaya sun bazu har bakin ruwa. Na kutsa taɓo har gwiwa na tsinko miki bado, takalmina ɗaya yana can har gobe. Kika karɓa kina dariya, kika tambaye ni ko miya ake yi da shi. Sai ga shirwa daga sama, fyuu, ta wafce tsiren da ke hannuna, har da tsinken! Ni kuma, da wannan bakin nawa da ba ya shawara da ni, na ce ai ke ce shirwata.

Fadila, zuciyata nake nufi! Haka kika sure ta, ban ga zuwanki ba. Ina zan san shirwa ta gama da 'yan tsakin Umma kaf, har sunanta ya zama zagi a gidanku? Ni kaifin ido na gani da iya shawagi, ke kika ji ɓarauniyar kaji. Ina sonki, kuma tsoro nake ji in rasa ki a kan kalma ɗaya.

Na tuba, na bi Allah na bi ki. Zaɓi tsuntsunki da kanki: kurciya, balbela, ko zalɓe in dogon wuya kike so. Ungulu kaɗai kar ki taɓa, tawa ce, don tunaninki ya fara cinye mini gashin gaba, wanzamina har jaje ya yi mini. Ki yi wa Allah ki ce Kawu ya zo, tun da sauran abin tajewa ranar ɗaurin aure.

Naki har numfashin ƙarshe, da gashi ko babu,
Ja'afaru