Fuskar Inna a Kan Goron Dutse

Gwale, Kano
Janairu, 2003

Yaya Falmata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau, ina gaida Malam da yara, da fatan Maiduguri lafiya.

Ga takarda nan a naɗe na ba direba, ki warware ta a hankali. Zane ne nake yi a kwamfutar shagonmu duk lokacin da na samu sarari daga fastocin 'yan takara, waɗanda tun da soja suka koma bariki ba su bar mu mun huta ba. Innarmu ce. Na zaunar da ita a kan Goron Dutse, ta fi dutsen girma, lafayarta ta sauko ta kewaye birni ta zama ganuwa. Hayaƙin turaren wutar da take sayarwa shi ya zama lungunanmu. Kifayen da ke iyo a sama na Tafkin Chadi ne, inda kakanninmu suka fito.

Za ki ga wurin fuska fari fat. Kin san Inna ba ta taɓa yarda an ɗauke ta hoto ba, kuma ta rasu ina ƙarami. Ke kaɗai kika rage da za ki faɗa mini kamanninta. Ki duba ki gaya mini gaskiya, kada ki rage komai.

Ƙaninki,
Mamman

Maiduguri
Fabrairu, 2003

Mamman,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, yara suna gaida kawunsu. Gaskiya ka nema, to ga ta.

Wannan wane irin rashin ta-ido ne? Matar da ko zaure ba ta leƙawa sai da dalili, ita ka ɗauka ka ɗora a kan dutse duk Kano na kallo? Kuma ba fuska, kamar fatalwa! Sannan ka kewaye ta da kifi. Inna ko warin kifi ba ta so, ranar da Baba ya sayo banda a soro yake cin abinsa. Lafayar ma ka naɗa mata a karkace, sai ka ce ba jinin Barebari ne ya zana ba.

Hayaƙin dai ya yi, wannan ba zan ƙi faɗa ba. Da na kalle shi har na ji ƙamshin ɗakinta.

Tunda ka riga ka fara, kada ka bar mana uwa haka. Baƙa ce mai sheƙi, mai doguwar fuska, da zanen Barebari a kumatu. Idanunta manya ne, kuma ba ta dariya haƙori a waje. Ka gyara ka aiko.

Yayarka ta ce a gaishe ka, wato ni, tunda ba ka da wata.
Falmata

Gwale, Kano
Maris, 2003

Yaya,

Bayan gaisuwa. Wasiƙarki ta iso, ta kuma ɓata mini rai. Na yi wata da watanni ina fama, ana ɗauke wuta aiki na lalacewa ina sakewa, ke kuma abin da kika gani kawai shi ne Inna ba ta cin banda. Ba kasuwar kifi na zana ba, Yaya, asalinmu na zana. Kifi yana nan, ba zan cire ba. Lafaya na gyara.

Na bi bayaninki tiryan-tiryan, sai ga wata baƙuwa tana kallona, irin fuskar da nake gyara wa masu neman kansila. Na goge ta. Na rufe ido na nemo abin da ni kaina nake tunawa, wato lokacin da na yi ƙyanda, Inna ta sunkuyo a kaina tana shafa mini ruwa. Na ga wushiryarta, na ga ɗan tabo a girarta. Kin manta da su, ni ƙaramin ban manta ba. Ga shi nan, wannan karon ki duba da idon rahama.

Mamman

Maiduguri
Afrilu, 2003

Mamman,

Sallama kawai zan yi maka, don ita wajibi ce.

A tsakar gida na warware takardar nan, gaban surukata da matan maƙwabta, ina cewa ku zo ku ga marigayiya. Surukata ta dubi takarda, ta dube ni, ta hau salati. Yara suka ce, “Ga Mama a kan dutse!” Har yau ana zuwa yi mini addu'ar tsari.

Ni ka zana! Da raina da lafiyata ka sa ni a mazaunin mamaciya, ka aiko mini har gida. Mugun fata kake yi mini ko me? Inna ba ta da wushirya. Inna ba ta da tabo ko na ƙwayar gero. Tabon nan nawa ne, a bakin rijiyar gidanmu na same shi, na zame kana goye a bayana, na tare da fuskata don kada kanka ya bugu. Ƙyanda kuwa, sai da aka yi arba'in ɗin Inna ta kama ka. Wa kake zaton ya bar makarantar allo ya zauna yana shafa maka ruwa?

Kai da kake goge wa 'yan siyasa ƙuraje, ka kasa goge mini tabo ɗaya. Kada ka sake aiko mini da komai.

Falmata

Gwale, Kano
Mayu, 2003

Yaya,

Ina gaishe ki, ko ba za ki amsa ba. Ba zane na aiko ba.

Wallahi ban sani ba. Ni ma raina a ɓace yake, domin tun ina yaro nake taƙama da cewa ina tuna fuskar uwata, ba wanda ya taɓa zaunar da ni ya ce ba ita ba ce. Abu ɗaya nake da shi nata, yanzu kin ce shi ma ba nata ba ne.

Na gwada cire tabon, na toshe wushiryar. Da na yi, sai matar ta daina zama uwar kowa. Na mayar da su. Duk ta inda na nemi Inna a cikin kaina, ke ce kike sunkuyowa, kuma ban san yadda ake gyara wannan a kwamfuta ba.

Zanen yana nan ban ƙarasa ba. Idan kin ce in goge, zan goge shi duka, da dutsen da kifin, in haƙura. Ki yafe mini abin da ya faru gaban surukarki.

Ƙaninki,
Mamman

Maiduguri
Yuni, 2003

Mamman,

Wa alaikumus salam. Na yafe.

Kada ka goge. Inna ka bar ta a cikin hayaƙin, can na gane ta tun farko. Kifin kuma kai da Allah.

Amma tabon a girar hagu yake, kai ka sa shi a dama. Ka gyara ka aiko mini.

Falmata