Zakaran da Kika Aiko

Hadiza, zauna ki karanta a tsanake, ban da tura baki.

Assalamu alaikum. Yaya mai gidanki da yara? Yaya zaman Ibadan? Mu nan Roni lafiya lau, alhamdu lillahi.

Zakaran da kika ba direba ya kawo mini, da ciwo ya zo. Don ɗoki na sake shi cikin akurki, kafin mako kajina goma sun mutu, saura uku.

Sai ga ƙungiyar masu kiwon kaji, wadda nake kira taron gulma! Shugabarsu, Hajiya Talle, ta kawo malamin dabbobi ya ɗiga wa ukun magani a ido. Ta ce, "Haba Malama, da bokonki kike haɗa baƙo da 'yan gida?" Ranar Juma'a kuwa mata tara suka yi sallama, kowacce da kaza a hammata! Wallahi sai da na yi hawaye. Na shiga ƙungiyar. Ki ji da kyau, ba a raina jama'a.

Ki taya ni addu'a su rayu. Gaida surukarki.

Daga yau, duk kazar da ta shigo gidan nan, ko ke kika aiko, sai ta yi mako biyu ƙarƙashin kwando ita kaɗai.

Mahaifiyarki