Littattafai Biyu a Ƙarƙashin Katifa

Lahadi, 3 ga Maris

Zuwa ga ƙanena, Sarkin Tambaya,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan alheri. Ina fata kana lafiya, kai da maiɗakinka da 'yan biyu. Yaya aikin gyaran wuta? Yaya kuma kunnen? Ka ce idan gari ya yi sanyi yakan yi maka ƙugi kamar injin niƙa, ina fata ya lafa. Mu nan lafiya lau, sai godiya ga Ubangiji. Baban Kurciya na nan da motarsa ta haya, kullum ya dawo da ciwon baya da labarin fasinjoji.

Na san za ka yi mamakin ganin takarda alhali ga waya. Sau biyu ina kiranka don in faɗa maka wannan magana, sai in ɓige da tambayar ko 'yan biyu sun fara haƙori.

Ranar Asabar ina zazzage jakar makarantar 'yata Kurciya zan wanke, sai littattafai biyu suka faɗo, da hatimin laburaren makarantarsu. Ɗaya na ilimin sararin samaniya ne, bangonsa baƙi da ɗigo-ɗigon taurari. Ɗayan ƙagaggen labari ne mai kauri, irin na ƙasashen da babu su, da hoton wata halitta mai fukafukai. Ƙanena, shekara goma sha huɗu ke nan da barina cocinmu na da, Garke. Coci irin na kowa nake zuwa yanzu, inda fasto ke dariya, yara kuma suna guje-guje a tsakanin kujeru ba mai harararsu. Amma ina ganin littattafan nan, kafin in ankara na cusa su cikin buhun kayan sanyi a saman kabad. Da ta tambaye ni, na ce ban gani ba. Shekararta goma sha ɗaya, ta yarda da ni, ta koma tana leƙa ƙarƙashin gado.

Wataƙila labari bai iso maka ba: Baba Makiyayi, shugaban Garke, ya mutu watan jiya. Wata tsohuwa da muka yi ƙungiyar mawaƙa tare ce ta kawo labule shagonmu na wanki da guga, ta faɗa mini a kan kanta, tana sa ran in yi kuka. Na ɗauka zan ji an sauke mini kaya. Ina! Ka tuna yadda yakan yi gyaran murya sau biyu kafin ya kira sunan wanda za a tsayar a gaban jama'a? Tun daga ranar nake jin wannan gyaran muryar a cikin hucin injin tururi. Da rana tsaka, ƙofa a buɗe, motoci na wucewa, sai in ji shi a bayana. Jiya har na ƙona wuyan rigar wani, uwar ɗakina ta ce in je in sha ruwa.

Ba ka son a tayar da maganar, na sani. Amma ni kullum ina ganin Lahadin nan. Kana ɗan shekara sha huɗu, an tsayar da kai gaban bagadi, dattawa sun aza littattafan nan biyu da malaminku na kimiyya ya ara maka, waɗanda aka zaro daga ƙarƙashin katifarka. Aka sa ka yaga su shafi-shafi kana jefawa cikin rabin ganga mai wuta, mu kuma muna waƙa. Ka tsaya karanta wani shafi kafin ka jefa, shi ne Makiyayi ya kai maka marin da ya kashe kunnenka na hagu. Sannan kwana tara a sito na bayan bagadi, wai har sai ruhun tambaya ya fita.

Littattafan Kurciya na nan a saman kabad. Ko kallon wajen ba na iya yi. Ka faɗa mini abin da zan yi.

Ka gaishe mini da maiɗakinka, ka shafa mini kan 'yan biyu.

Taka,
Yayarka

Alhamis, 21 ga Maris

Ƙanena abin ƙaunata,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku duka. Na sami amsarka, layi biyu kamar yadda ka saba: in ba yarinya littattafanta, in kuma daina tsoron gawa. Da na bi maganarka a ranar, da ban rubuta wannan ba.

Na yi ta cewa gobe, gobe. A makaranta kuwa malamar laburare ta tsayar da Kurciya gaban 'yan ajinsu ta kira ta marar kula don ta ɓatar da littattafan. Ranar Litinin da yamma na dawo daga aiki na tarar da ita a kan kujera, buhun a ƙasa, littattafan a hannunta. Ba ta yi kuka ba. Ta dai ce, "Mama, ashe kin gani." Sai na ji bakina yana cewa, "Wa ya buɗe miki wannan ƙofa?" Ka san maganar wane ne. Ko muryar ba tawa ba ce. Ta ce ai littafi ne kawai, sai hannuna ya tashi. A kunne na same ta, ƙanena.

Na saɓe ta sai asibiti, ko takalmi ban sa daidai ba. Likita ya haska ya ce babu abin da ya fashe, ya dube ni ya sake dubanta. Babanta bai ɗaga mini murya ba, da ma ya ɗaga. Cewa ya yi, "Ki gaya mini wanda kika mara, don na san ba 'yata kika gani ba." Ita kuwa tun ranar "to" da "na gode" kawai ke haɗa mu.

Yanzu ka zauna ka karanta sauran, don ba zan iya sake rubuta shi ba.

Ni ce na kai ƙararka.

Ku maza ba ku san abin da ake yi ranar Laraba ba. Makiyayi yakan tara mu 'yan mata a ofishinsa, wai zaman haske. Kowacce sai ta kawo zunubi ɗaya, nata ko na wani. Wadda ta zo hannu rabbana ita ce za ta tsaya bayan kowa ya tafi, ya rufe ƙofa ya yi mata addu'a ta musamman. Sau ɗaya na taɓa tsayawa. Ba zan rubuta abin da ya faru ba, ko Baban Kurciya rabi ya sani. Daga nan na rantse ba zan ƙara zuwa ba tare da zunubi ba. Na faɗi nawa har suka ƙare, na ƙirƙiro wasu, ya gane ƙarya ce. A wannan Larabar layi yana matsowa kaina, ba ni da komai. Ya yi gyaran murya sau biyu ya kira sunana. Sai na ce ƙanena yana da littattafai a ƙarƙashin katifa.

Abin da ya fi ci mini rai, ni kaɗai ka nuna wa su. Muna wanke kwanuka a bayan gida ka raɗa mini cewa akwai taurarin da haskensu ya yi tafiyar da ta fi shekarun da Makiyayi ya ce duniya ta yi, ka ce, "To Yaya, a ina hasken ya kwana kafin a yi duniya?" Na yi dariya har na saki kofi. Ɗayan kuma, labarin yarinyar nan mai ƙera mabuɗai a ƙasar da ƙofofi ke tafiya da ƙafafunsu, ni ma ina karanta shi a ɓoye idan ka tafi makaranta. Saura babi biyu in gama aka ƙone shi. Har yau ban san ko ta sami ƙofar gidansu ba.

A kwana taran nan, ni ake ba kofin ruwa in tura maka ta ƙarƙashin ƙofar sito. Kakan ce, "Yaya, ke ce?" Ban taɓa amsawa ba. An hana, gaskiya ne, amma ba hanin ne ya rufe mini baki ba.

Shekarata sha bakwai a lokacin. Ba na kawo wannan a matsayin hujja. Shekara ashirin da biyu kuma ina da bakin faɗa maka, ban faɗa ba.

Ubangiji ya tsare ka.

Yayarka, in har ka yarda in ci gaba da amsa sunan

Talata, 14 ga Mayu

Ƙanena,

Ina gaishe ka, ina gaida iyali. Ina fata kowa lafiya. Mako bakwai na yi ina leƙa akwatin wasiƙu kamar mai jiran sakamakon asibiti. Jiya taka ta iso. Na karanta ta a tsaye a bayan shago, tsakanin rigunan mutane da ke rataye.

Ka ce duk shekarun nan Mama ka ɗora wa laifin, don ita ke gyara maka shimfiɗa. Ka ce shi ya sa da ka gudu kana ɗan sha shida ba ka ƙara yi mata magana ba, shi ya sa ka mayar da wasiƙunta ba ka buɗe ba, shi ya sa da tana jinya aka kira ka ka ce kana da aiki, ba ka kuma zo jana'iza ba. Ka tambaye ni tambaya ɗaya: ko na san haka kake zato.

Na so in ce ban sani ba. Na ma rubuta hakan, na yaga. Ba wanda ya taɓa faɗa mini, amma na sani, kamar yadda mutum ke sanin akwai wani a ɗaki ko bai waiwaya ba. Na bar ka da zatonka don ya fi mini sauƙi.

Ga abin da ya kamata ka ji game da ita. Ta yi waƙa a ranar, ka gan ta, ba zan wanke ta daga wannan ba. Amma a kwana na uku ta je ta durƙusa a ƙofar ofishin Makiyayi tun safe har rana ta take, tana roƙo a sake ka. Ya sa aka cire ta daga ƙungiyar mata, aka hana kowa gaishe ta wata shida. A jinyarta ta ƙarshe, duk wanda ya turo ƙofa sai ta ɗago kai. Ta taɓa tambayata me ta yi maka. Na ce mata ƙuruciya ce, za ka huce. Ina riƙe da hannunta na faɗi haka.

Ka ce in nuna maka kabarinta. Ranar Asabar ta sama ba na aiki. Zan jira ka a ƙofar maƙabarta da ƙarfe goma. Ba sai ka gaishe ni ba.

Game da Kurciya, na zaunar da ita na ba ta haƙuri, na faɗa mata abin da ya dace da shekarunta. Na je makarantarsu na gaya wa malamar laburare, a gaban ajin, cewa ni na ɓoye littattafan. Yanzu idan ta taso takan biyo ta shago ta zauna a kan buhun wanki tana karanta mini na taurarin da ƙarfi. Wai sararin sama faɗaɗa yake ta yi, komai yana nisa da komai. Gyaran muryar bai daina ba. Idan ya zo sai in ce ta ƙara ɗaga murya.

Sai mun haɗu.

Yayarka

Lahadi, 2 ga Yuni

Ƙanena,

Gaisuwa da fatan kun wayi gari lafiya, kuma ka isa gida lafiya ranar nan. Wannan gajeriya ce.

Na gode da ka zo. Ka yi furfura a gemu, ba wanda ya gaya mini. Na ga yadda ka tsuguna kana cire ciyawa da hannu har yatsunka suka yi jini, na ga bakinka yana motsi. Na ja baya don kada in ji, ba rabona ba ne. Da muka fito ka ce ba ka tsane ni ba, ka ce abin da aka yi mini a ofishin nan da ka sani da ka ƙone ginin, amma ba za ka iya kallon fuskata yanzu ba, kuma ba ka san ranar da za ka iya ba. Na ji. Ba zan sake rubuto maka ba sai ka nema, ba zan kuma aiko kowa ya ba ka baki ba.

Ka ce Kurciya ita tana iya rubuto maka idan tana so. Ko gama faɗa mata ban yi ba ta yago takarda daga littafinta. Kwana uku tana rubutu, ta cika shafi huɗu, ta ce tambayoyi ne da malaminsu ya kasa amsawa, da kuma wata magana da ba ta shafe ni ba. Ita ta liƙe ambulan ɗinta da kanta ta ba ni in sa a cikin tawa.

Wasiƙar tata ta kwana biyu a jakata. Ga ta nan yadda ta ba ni. Ban buɗe ba, ban kuma tambaye ta abin da ke ciki ba. Idan ka amsa, ka rubuta sunanta a bayan ambulan, za ta same shi a liƙe.

Ubangiji ya kiyaye ka, kai da duk naka.

Yayarka