Muryar Maigidana Tana Tsufa da Safe

Gwaggo Zinariya, don Allah ki taimake ni, na rasa wanda zan faɗa wa.

Shekarata ɗaya da aure, ina zaune a Rawayau tare da Inna, mahaifiyar maigidana. Shi direban babbar mota ne, hatsi yake kaiwa Kudu. Bai iya rubutu ba, don haka kaset yake aiko mini da muryarsa a ciki. Ya bar mini rikoda da tsohon batirin mota, wanda ake kai wa Cornelius a Dutsin-Ma ya yi masa caji.

A kaset na ƙarshe ya ce zai dawo kafin a gama sussuka. An gama, an zuba a rumbu, yau mako uku shiru.

Tun da sanyi ya shigo, in na kunna da sassafe, muryar ba tasa ba ce. Sai ta yi kauri tana ja, kamar tsoho na magana daga cikin rijiya. Inda yake dariya ya koma nishi. Inda yake kiran sunana, sai ya ja shi har numfashin ya yanke. Amma da azahar, kaset ɗin nan dai, sai ga shi garau. Ni mai karance-karance ce, Gwaggo, kuma a littattafaina in wani abu ya sami miji a nesa, matar ce ke fara ganin alama. Zuciyata ta ce yana kwance a wani gari, da safe ciwon ke tashi.

Sai na lura in na matso da batirin kusa da kaskon wuta, muryar takan dawo. Yanzu kullum nakan rufe ƙofa, in ajiye shi gefen garwashi, in zauna kamar mai jinya. Amma wani farin abu ya tsiro a kawunansa, yana wari irin na ruɓaɓɓen ƙwai, kuma in na kasa kunne ina jin yana raɗa a ciki. Zanen da na goge shi da shi ya wayi gari da huji bakwai, ba wuta, ba ɓera. Na ɓoye wa Inna. Ina tsoron ranar da na daina ɗumama shi, ranar muryar za ta tsaya gaba ɗaya.

Gwaggo, yana raye kuwa?

Mai Sauraro, Rawayau

AMSA

'Yata, kafin ki ƙarasa karanta wannan, tashi ki raba batirin nan da wuta. Yana fitar da iskar da kan kama da wuta, a rufaffen ɗaki yana iya fashewa a fuskarki. Ruwan cikinsa mai ci ne, shi ya huda zanenki, haka yake yi wa ido.

Batir bai san inda mijinki yake ba. Sanyi kan rage masa ƙarfi, balle tsoho, sai rikoda ta juya a hankali, murya ta ja. In rana ta ɗaga, ƙarfin ya dawo. Zafi kuwa farfaɗowar ɗan lokaci yake ba shi, yana ƙafar da ruwansa, yana kashe shi. Ki ajiye shi a kan katako, a inuwa, inda iska ke shiga, a kai wa Cornelius ya duba.

Na lura kaset ɗaya kike ta juyawa. Gobe da sassafe ki saka na wa'azi. In malamin ma ya koma tsoho a rijiya, kin samu amsa.

Sai dai ban raina damuwarki ba. Mako uku ba wasa ba ne, ko da yake mota kan lalace, lodi kan yi jinkiri. Ki faɗa wa Inna, ita ma na tabbata ɓoye miki take yi. Ku aika tashar Dutsin-Ma a tambayi direbobin hanyarsa, ki ba su kaset da muryarki su kai masa. Amma ki ɗauka da azahar. In kika ɗauka da sanyin safiya, muryarki za ta isa masa da gudu kamar ta tsuntsu, shi ma ya sa a rubuto mini.

Allah ya dawo miki da shi lafiya, ki ji dariyar nan daga bakinsa.

Gwaggo Zinariya