Rasuwar Baba Rabaran, Malamin Ajin Bene

Cikin alhini, amma da zukata masu godiya ga Ubangiji, Ƙungiyar Masu Nazarin Nassi ta samu labarin rasuwar ubanta kuma malaminta na farko, Mai Girma Rabaran mai ritaya, tsohon Shugaban Makarantar Horar da Masu Bishara, wanda manya da yara suka fi sani da Baba Rabaran. Ya huta a ɗakinsa bayan doguwar jinya, cikin kyakkyawan tsufa, iyalinsa na kewaye da shi.

Tun da ya ajiye aiki, Baba Rabaran ya mai da ɗakin da ke saman benen ofishinmu ajinsa na ranar Asabar, inda ma'aikatan jinya, direbobi, 'yan kasuwa da lauyoyi suke matsuwa a benci ɗaya. Darasin da ya fi so, wanda mukan tsokane shi cewa ko gaisuwa aka yi masa sai ya karkato da ita can, shi ne na firistanci da sarauta. Yakan nuna mana yadda Nassosin farko suka raba ayyukan biyu, firist yana gaban bagade, sarki yana kan kursiyi, har sarkin da ya yi gigin shiga ƙona turare ya ɗanɗana kuɗarsa. Daga nan sai ya koma baya, ga wani sarki wanda kuma firist ne, da ya fito da gurasa da ruwan inabi ya tarbi uban masu bangaskiya. Wannan mutum, in ji Baba, inuwa ce ta Almasihu, wanda a cikinsa ne kaɗai rawani da rigar firist suka zauna lafiya a jiki ɗaya.

Da izinin iyalinsa muke ambata abin da ya fi yi masa nauyi a zuciya. Babban ɗansa Fasto ne, ƙaramin kuma Darakta a ofishin tsara gari. Lokacin da aka zo faɗaɗa titi, sa hannun ƙanin ne ya rushe zauren gaban majami'ar yayan, shi kuwa yayan ya mai da martani daga kan mumbari, a gaban jama'a. Shekaru suka shuɗe ba sa ga maciji da juna, kowa yana zuwa gaishe da mahaifinsu a ranar da ya tabbata ɗan'uwansa ba ya nan. Wata Asabar Baba ya rufe littafinsa ya ce mana, yana murmushin da bai kai zuci ba, “Na haifi firist, na haifi mai mulki, amma na kasa zaunar da su a tabarma ɗaya. Ku taya ni addu'a kada in tafi in bar su haka.”

Da ƙafafunsa suka gaza ya koma kan keken guragu, Kwamitin Gudanarwa ya yanke shawarar sauko da ajin ƙasa. Baba ya ƙi ƙememe. Ƙarfafan cikinmu suka nemi su riƙa ɗaukarsa, nan ma ya ce ya gode, amma shi yana da 'ya'ya. Muna shaida cewa mun ɗauka rigimar tsufa ce, har wasunmu suka yi ta gunaguni. Ya aika wa kowane ɗa cewa ba zai fasa aji ba, kuma hannun bare ba zai taɓa kekensa ba.

Duk wanda ya san matakalarmu ya san ƙuncinta, ga wata kwana a tsakiya da mutum biyu ba sa iya juya kaya a cikinta sai ɗaya ya gaya wa ɗaya inda zai sa ƙafa. Makon farko 'ya'yan biyu suka zo, suka hau da shi fuska a ɗaure, keken yana gugar bango, Baba kuwa ya naɗe hannu abinsa kamar ba shi ake ɗauka ba. A hankali muka fara jin na sama yana cewa a ɗaga, na ƙasa yana cewa a yi sannu. Wata rana takalmin Darakta ya zame a kwanar, Fasto ya tokare keken da ƙirjinsa, ya kira ƙaninsa da sunan da mahaifiyarsu take kiransa tun yana goye. A ranar ba su koma motocinsu su jira a tashi kamar yadda suka saba ba, suka zauna a bencin baya har aka yi addu'ar rufewa.

Don haka muke miƙa wannan ta'aziyya ga gida guda: ga Mai Girma Fasto da Mai Girma Darakta, da matansu, da ƙanwarsu wadda ta yi jinyar Baba ba dare ba rana, da jikoki, da dukan ikilisiya. Muna roƙon Babban Firist kuma Sarkin Salama ya ba ku ƙarfin zuciyar jure wannan rashi, ya riƙe zumuncin da mahaifinku ya roƙa muku. Muna kuma gode wa Allah da bai ɗauke shi ba sai da ya ga amsar addu'arsa da idonsa. Ƙanwarsu ta shaida mana cewa a ranarsa ta ƙarshe yayyenta suna zaune a bakin gadonsa suna gardamar wanda zai ba shi ruwa, shi kuwa yana kallonsu yana dariya.

Sa hannu:
Kakakin Ƙungiyar Masu Nazarin Nassi,
a madadin Kwamitin Gudanarwa da dukan ɗaliban ajin bene.